Ƙuri'a Biyu a Hannun Haula

Duk wanda ya taɓa jiran motar Takanamat a tashar Tawa ya san Haula mai kwaɗo. Ita ce mai babban farin kwano a gindin dogon yaro, daura da inda 'yan kabu-kabu ke jera baburansu. Zogale take kwaɗawa da ƙuli da albasa da ɗan yaji, kuma fiye da shekara talatin ba ta canza wurin zama ba. Muryarta irin ta tasha ce, ba ta da ƙarama. In ta ce maka sannu, na bakin ƙofa ma sai ya amsa.

Abin da ya fi kwaɗonta shahara shi ne riƙon suna. Ta san sunan kowane direba da na ubansa da garin da aka auro uwarsa. In baƙo ya sayi kwaɗo yau, ya dawo bayan damina biyu, da sunansa za ta tare shi, har ta tambaye shi ciwon ƙafar nan da sauƙi. Amma akwai suna guda a duniya da bai taɓa fita daga bakinta ba, na ɗan farinta.

A Takanamat aka haife ta, can kuma ta auri Illa. Shekarar da fari ya ƙare musu awaki suka sauko Tawa, suka kama ɗaki a unguwar Wadata. Illa ya bi sahun mazan Adar: da an yanke gero sai Abija, sai hadari ya fara haɗuwa a gan shi da jaka. Shekara guda da zuwansu ta haifi namiji, aka mayar masa da sunan mahaifin Illa. Kunya ta zama biyu ke nan, ga ta ɗan fari ga ta suruki. Sunan mijinta ma, in ya ɓata mata rai, yakan kuɓuce mata sau ɗaya a shekara. Na yaron kuwa ko a mafarki. Wanga, wato wannan, take ce masa. Ranar da aka kai shi lakwal, wato makarantar boko, ƙawarta Zalika mai fura ta ja ta tafi da ita don a samu mai faɗa wa malamin sunan. To, tunda uwarsa ba ta faɗa ba, mu ma bari mu taya ta kunya zuwa wani lokaci.

Kada wani ya ɗauka ba ta son sa. Ta haifi huɗu a bayansa, tana kiransu da suna tana zaginsu da suna, amma ƙanzon tukunya mafi daɗi Wanga ake ajiye wa, a rufe a ƙarƙashin gado, ba tare da an ce uffan ba. Shi ma ya san inda zai duba. Haka suka yi ta ƙaunarsu a kaikaice har ya girma, ya yi karatun jinya, unguwa ta koma kiransa Likita.

Shekarar da aka zo da rajistar zaɓe ta na'ura, mai ɗaukar hoto da yatsu, Likita ya same ta tana tsince zogale a tsakar gida.

"Inna, bana sai kin yi kartin zaɓe."

"Ni mi ya haɗa ni da zaɓe?" ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Wanga aikin masu takarda na. Ni ko takardar haihuwa ba ni da ita."

Gaskiyarta. Zaɓe nawa aka yi a Tawa tana zaune a gindin itacenta tana sayar wa masu dawowa daga layi. Amma Likita mutum ne mai naci a hankali. Tun da ya cika sha takwas bai taɓa fashin jefa ƙuri'a ba, yana ɗaukar abin kamar sallar idi. Ya kai ta gaban alƙalin da ke zagaye yana yi wa marasa takarda takarda. Aka tambaye ta shekarar haihuwa, ta ce shekarar da fara ta cinye gero, ƙanen babanta kuma ya dawo daga Makka. Alƙali ya dube ta, ya dubi shaidu biyu, ya rubuta abin da ya rubuta. Ta koma tasha tana shelar cewa gwamnati ta ba ta shekara hamsin da biyar kyauta, ba ta roƙa ba.

Ranar rajistar ma an sha kallo. Mai ɗaukar hoto ya ce kada ta yi dariya, wannan maganar kuwa ita ta ba ta dariya, sai a karo na huɗu aka samu fuskarta a tsaye. Na'urar yatsu kuma ta ƙi ta ƙememe saboda man ƙuli, sai da aka samo sabulu ta wanke hannu sau biyu. Da kartin ya fito ta daɗe tana kallon matar da ke ciki, ta ce wannan ta fi ta kama da mai hankali. Ta naɗe shi a leda ta ɗaure a bakin zane. Sunanta da na ɗanta suka faɗa biro guda, wato rumfar zaɓe ɗaya, a makarantar firamare ta unguwa.

Ana saura wata uku zaɓe aka yi wa Likita canjin aiki zuwa wani ƙaramin asibitin ƙauye a yankin Tabaram, ya kwashi iyalinsa ya tafi. Sunansa kuwa yana nan a jerin Tawa, an riga an rufe. Da makon zaɓe ya zo, abokiyar aikinsa tana hutun jego, shi kaɗai ne a asibitin, ga masu zazzaɓi ga mata masu tsohon ciki. Ba halin tafiya. Sai ya yi takardar wakilci, aka buga mata tambari, ya haɗa da kartinsa ya ba direban Tabaram ya kawo wa uwarsa. Da waya ya bi bayan saƙon.

"Inna, ke za ki jefa mini. Babu wanda na yarda da shi awa ke."

Haula ta ce to, a gajarce, kamar an aike ta sayen gishiri. Amma da ta ajiye wayar sai da ta zauna. Shekara talatin da huɗu yaron nan bai taɓa buɗe baki ya roƙe ta wani abu ba, kunya ba ta bar su ba. Yau ga shi ya ɗora amanarsa a hannunta. Daɗi ya cika ta har ta zuba wa wani ɗan kabu-kabu kwaɗo ninki biyu.

Ya kwatanta mata mutuminsa a takardar zaɓe, na nawa ne daga sama da launin hularsa. Matsalar guda ce: Haula tana da nata mutumin, kuma ba shi ba ne. Zalika ta yi ta tsokanarta.

"Ke ki jefa gabas, ki jefa mai yamma, mi anka yi ke nan? Ki haɗa su duka biyu wurin naki, wa ka gani?"

"Allah ka gani," in ji Haula. "Mutumin nai bai iya komi ba sai surutu, amma nashi na. Inda ya ce, nan za ta."

Ranar zaɓe da hantsi ta ɗaura atamfar da take ajiyewa don biki, ita da Zalika suka shiga layin mata. Ta ƙofar ajin ana hango teburin. Shugabar biron wata malamar makaranta ce, Madam Samira, wadda aiki ya kawo Tawa daga Gaya. A gefenta wakilan jam'iyyu suna zaune a bencin 'yan makaranta, gwiwoyinsu sun kusa taɓa haɓa.

Ana nan sai wani saurayi daga layin maza ya miƙa takardar wakilci. Madam Samira ta karanta, ta kifa ta a kan tebur, ta tambaye shi sunan wanda ya aiko shi. Saurayi ya sosa ƙeya. Ya ce wani yayansa ne. Aka ce sunansa. Ya dubi rufi, ya dubi takardar da ke kife, ya ce ya sha'afa. Aka riƙe takardar aka sallame shi. Layi ya kwashe da dariya, ta Haula ta fi ta kowa ƙarfi. Tana cikin dariyar ne abin ya faɗo mata, sai dariyar ta yanke.

Da aka zo kanta ta fara da nata. Ta shiga bayan labule, ta zaɓi mutuminta, ta fito ta jefa, karo na farko a rayuwarta. Ko daɗin wannan ba ta tsaya ji ba. Ta kwance bakin zane ta miƙa takarda ta biyu da karti na biyu. Madam Samira ta karanta ta kifa.

"Inna, wa kike wakilta?"

"Ɗana na."

"Sunansa fa?"

"Likita na, can Tabaram. Kowa ya san shi."

"Sunansa na yanka nake so."

"Ga shi nan rubuce, ɗiyata. Ke da kinka yi lakwal."

Madam Samira ta dube ta, ta gane. Ita ma 'yar fari ce, uwarta ba ta taɓa kiranta Samira ba. Ta yi murmushi ta kai hannu za ta buɗe takardar, sai ɗaya daga cikin wakilan jam'iyyu, wani siririn matashi mai suna Mumuni, ya ɗaga alƙalami.

"Madam, yanzu-yanzu anka kori wani kan wagga magana. Doka guda ta."

"Ɗan farinta na, bari ni in hwaɗa," in ji Zalika daga baya.

"Wanda ya kawo takarda shi ka hwaɗi," Mumuni ya ce. "In an buɗe wagga ƙohwa, kowa sai shi ce kunya yaka ji. In ba ta san sunanai ba, a aje takarda."

A yi wa yaron adalci, ba mugunta yake yi ba, aikinsa yake yi, kuma maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba. Madam Samira ta janye hannunta a hankali.

Ba ta san sunansa ba. Wannan maganar ce ta soki Haula. Ita da take ɗaki ranar suna, jaririn a cinyarta, ta ji an yi shelar sunan a ƙofar gida, tun daga ranar kuma take riƙe da shi a cikinta kamar iri a rumbu. Ta yi tunanin ta karɓi takardar ta koma gida. Ta san abin da zai ce in ta gaya masa. Zai ce ba komi, Inna. Ya faɗa da sanyin murya, ya kuma daina roƙonta wani abu har abada. Wannan ne ba za ta iya ɗauka ba.

Ta gyara tsayuwa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya wajen Mumuni.

"Matso, ɗan nan, ka buɗe kunne. Ba ni maimaitawa."

Niyyarta ta faɗa a hankali. Amma an ce muryar Haula ba ta da ƙarama.

"Jibrilla."

Har na ƙarshen layi a farfajiya sun ji. Madam Samira ta buɗe takardar ta ɗaga wa wakilai. "Jibrilla Illa. Daidai ne." Mata suka ɓarke da dariya da tafi, Zalika ta saki 'yar guɗa, wani dattijo a layin maza ya ce yau an ga abin da ba a taɓa gani ba.

Haula ta tsaya tana jiran kunya ta kayar da ita. Kunyar ta zo, amma ba ita kaɗai ba. Sunan ya fita mata da sauƙi da zaƙi, kamar dama can don bakinta aka yi shi. Wani farin ciki ya taso mata tun daga ciki har idonta ya kawo ruwa, ita kanta ta yi mamaki.

"Ki yi haƙuri, Inna," in ji Mumuni, kansa a ƙasa.

"Haƙurin mi? Allah shi yi maka albarka. Gobe ka biyo tasha ka ci kwaɗo."

Ta koma bayan labule, ta ƙirga daga sama, ta sami mai hular da aka kwatanta mata. Ta harare shi, sannan ta zaɓe shi. Ta fito ta jefa, aka nuna mata layin ɗanta a jerin sunaye ta dangwala yatsa a gefensa.

Labari a Adar ba ya jiran mota. Kafin la'asar ya isa Tabaram. Tana tsakar gida tana wanke kwano waya ta yi ƙara.

"Inna, an ce yau kin kira ni gaban jama'a."

"Gwamnati ta tilasta mini. Ƙuri'arka ta shiga, inda ka ce."

"Na gode." Ya ɗan yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. "Zalika ta ji. Madam ta ji. Har wani Mumuni, an ce ya ji. Ni kaɗai na ban ji ba."

Haula ta ajiye kwanon. Ta dubi ƙofar gida, ta dubi ɗakin maƙwabta. Babu kowa sai akuya tana cin ragowar zogale. Ta goge hannu a zane, ta matso da wayar kusa da baki.

"Jibrilla, ka ci abinci?"

 Daga can Tabaram ta ji babban mutum, uban 'ya'ya uku, yana jan hanci.

"Ban ci ba tukuna, Inna."

"To tashi ka ci," ta ce.