Yayana Mai Ungulu Ya Tafi

Daga Allah muke, kuma gare Shi muke komawa ɗaya bayan ɗaya. Ranar Talata, tara ga watan da ya gabata, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayana a gadon asibiti, bayan ya sha fama da ciwon ƙoda. Malamin zane ne a makarantar sakandare, kuma shi ya kafa gasar zanen namun daji da ake yi duk shekara don tara abin da za a kare ungulu da shi. Mutanen gari ba su san shi da wani suna ba sai Malam Mai Ungulu.

Yaya, na san da tsokana aka liƙa maka sunan nan, kai kuwa ka karɓe shi hannu bibbiyu. Inna ce kaɗai ba ta taɓa yafe wa wanda ya fara kiran ka da shi ba. Takan ce duk tsuntsayen da Allah Ya halitta masu kyan gani, ɗanta ya rasa wanda zai ɗauka sai mai sanƙo. Kai kuma ka shafa naka kan da ya fara zubewa, ka ce, "Inna, ai zumunci nake yi."

Muna yara, rufin mayankar garinmu baƙi ƙirin yake da ungulaye, har jifan su muke yi in an aike mu sayen nama. Bayan ka fara koyarwa, wata rana ka kwashi ɗalibanka zuwa can don su zana tsuntsu mai rai. Kuka wuni a rana ba ku ga ko ɗaya ba. Mahauta suka ce su ma sun daɗe rabon su da ganin su, ga mushe na ruɓewa a bayan katanga, karnuka na ja. Ka dawo gida ka kasa cin abinci. Daga wannan ranar ba ka sake hutawa ba.

Ina tuna gasar farko. Babban ɗakin taron makaranta aka ba ka aro, babu allon rataya, sai igiyar shanyar matarka muka ɗaura daga taga zuwa taga, muka maƙale zanen yara a kai. 'Yan kallo ba su cika benci uku ba. Wani ɗan kasuwa ya zaɓi zane guda, ya ce zai saya in za ka gyara masa ungulun ta koma tantabara, don ba zai rataya wannan abin a falonsa ba. Ka yi dariya har da hawaye, ka ba shi kujera, ka zauna kana ba shi labarin aikin da tsuntsun nan ke yi wa gari kyauta. Da zanen ya tafi, yadda yake.

Abin da aka tara ba ka taɓa bari ya kwana a gidanka ba. Wani kaso ya tafi ga masu gadin dogayen bishiyoyin bayan madatsar ruwa, inda ragowar ungulayen ke sheƙa, saura kuma wajen likitar dabbobi, abokiyar aikinka a wannan fafutuka. Fenti da takarda kuwa daga albashinka suke fita, duk mun sani, mun dai yi shiru ne. Akwai shekarar da ruwan sama ya jiƙa zanen wata yarinya a hanya, ta iso tana kuka, launuka sun dagule. Ka dakatar da alƙalan gasar, ka share mata tebur, ka tsaya kana fere mata fensir har ta sake wani. Ba ta ci gasar ba, amma da aka zo jana'izarka ta zo gida da goyonta, ta zauna kusa da ni.

Ba kuma zan manta ungulun da ka tsinto da karyayyen fiffike ba. A banɗakin tsakar gida ka ajiye ta, kana ba ta nama da hannunka. Anti, matarka, ta yi haƙuri har ta gaji, ta ce, "Baban yara, yanzu wanka ma sai mun nemi izinin baƙuwarka?" Amma ranar da ka saki tsuntsuwar, ita ta fi kowa ɗaga kai sama tana bin ta da kallo.

Sai kuma abin da ya faru bara. Wasu suka zuba guba a mushen saniya a gindin bishiyoyin nan, don su sare kawunan ungulayen su sayar. Kafin masu gadi su ankara, an gama. Kai da likitar kuka tattara gawarwakin, ka haƙa ramin da kanka, ka hana kowa karɓar shebur. Ka yi ta komawa wurin kana duba sheƙuna, babu motsi. Likitocin asibiti sun ce ciwonka ya daɗe a jikinka, na kuma yarda da su, amma ni na ga ranar da ka fara ramewa.

Duk da haka ka sanar da gasar bana. Da zanen suka fara isowa, kana kwance, ni nake kai maka su asibiti. Ka duba na farko, na biyu, har ka kai ƙarshe, sannan ka ajiye su a kan cinyarka. Duk ungulu ɗaya ce, a kan reshe ɗaya, ta karkatar da wuya gefe ɗaya. Yaran sun kwafo ta ne daga waya, daga hoton da kai ka ɗauka da hannunka tun kafin a zuba gubar.

Ka ce, "Auta, babu wanda ya taɓa ganin ta da ido a cikinsu."

Na ce maka wataƙila wasu za su dawo daga wani wurin. Ka dube ni kawai, ka ce in rage maka ƙarfin fanka.

Zanen nan suna jingine a ɗakin aikinka, an juya fuskarsu bango, buroshinka ya bushe a cikin gwangwani. Ranar da aka sa wa gasar ta wuce ba wanda ya buɗe ɗakin taro. Masu gadi sun kama wata sana'ar, an kuma fara saran bishiyoyin daga gefen hanya. Masu zuwa gaisuwa suna cewa za a ci gaba da aikinka, ina amsa musu da amin. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, Yaya, kamar yadda ba ka taɓa yi mini ba: ban ga mai ɗauka ba, ban kuma ga abin da ya rage a kare ba.

Ya Allah, bawanka ya tausaya wa halittarKa da kowa ke ƙyama, Ka tausaya masa. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyya ga Anti da 'ya'yansa huɗu, da ɗalibansa na da da na yanzu, da likitar da ta yi wahala tare da shi. Inna kuma, wadda har yau take tambaya ko ya ci abinci kafin ta tuna babu shi, Allah Ya sanyaya mata zuciya. Mu da muka rage, Allah Ya sa mu cika da imani.