Rijiyar da Na Sa Aka Haƙa a Kan Dutse

A shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fitar da kai ba, rijiyoyin ƙauyenmu uku duk suka ƙafe. Mata sai sun yi tafiyar awa biyu kafin su samo tulu guda. Aka taru aka ce a haƙa sabuwa. Da yake ina koyarwa a firamare a Ɗambatta, ni aka ɗora wa jagorancin aikin.

Akwai wani tsoho a unguwarmu, asalinsa mutumin gabas ne, tun yana saurayi haƙar rijiya ce sana'arsa. Ya yi kwana biyu yana zagaya gari, yana ɗibar ƙasa yana murzawa, sannan ya kai mu wani kwari a bayan gonar kawuna.

"Nan za ku samu ruwa," in ji shi.

Na ce wurin ya yi nisa, ƙofar masallaci ta fi.

Ya ce, "Malam, dutse ne a ƙarƙashin wurin can. Na gwada shi tun ba a haife ka ba."

Na ce, "Baba, zamanin murza ƙasa ya wuce." Mutane suka yi dariya.

Har yau dariyar nan tana ƙona min rai. Me na sani game da rijiya? Farar riga kawai gare ni da Turanci, sai haushin kawuna da nake ji, ba na so ruwa ya fito kusa da gonarsa. Kuma duk dattawan da ke wurin, babu wanda ya tambaye ni hujja.

Wata guda maza masu yunwa suna haƙa a ƙofar masallaci. A gaba goma sha biyu diga ta bugi dutse. Cikin wannan watan ne matata, da cikinta na wata shida, ta faɗi a hanyar ɗebo ruwa. Cikin ya zube.

Na je gidan tsohon da kaina. Na so ya zage ni, bai yi ba. Igiya kawai ya ce a kawo masa, da mutum huɗu masu ƙarfi. Rana ta tara a kwarin, yashi ya fara fitowa da danshi.

Tsohon ya rasu da daɗewa. Rijiyar kwarin nan yaran yanzu suna kiranta rijiyar Malam, wai ni na kawo ta. Duk wanda ya faɗa a gabana sai na tsayar da shi na gyara masa, ko da kuwa a tsakiyar kasuwa ne.