Na Je Jidda Ɗauko 'Yata

Ko assalatu ba a kira ba muka fito daga gida, ni da ƙanena da zai raka ni, muka kama hanyar filin jirgin Kano. A bakin mutane hutun ƙarshen shekara zan je yi wajen Yayata a Jidda, in yi umra in huta. Ni da maigidana kaɗai muka san abin da zai kai ni. 'Yata ta fari tana hannun Yaya tun tana shekara huɗu. Allah bai ba Yaya haihuwa ba, Hajiyarmu ta ce in ba ta riƙo, na kuwa bayar. Yanzu yarinya ta kai sha huɗu, ubanta ya ce in je in nemi a dawo mana da ita.

Mun sauka bayan azahar. Jama'a, abin da mutanen Jidda ke kira sanyi sai da ya ba ni dariya. Rana tarwai, ni ina fifita da takardar jirgi, su kuwa har da masu rigar sanyi da hular ulu. Yaya da mijinta suna jiranmu, ga wata doguwar budurwa cikin abaya a gefensu. Ashe 'yata ce, ta taho da sauri ta ware hannuwa za ta rungume ni. Ku da kuka tashi a gidajenmu kun san alkunya: 'yar fari ba a kiran sunanta, ba a janta a jiki a gaban mutane, balle a gaban wadda ta riƙe ta. Sai na miƙa mata jakata na ce, "Sannu." Ta sauke hannuwanta, ta karɓi jakar, ta koma ta saƙale hannun Yaya. Ummi take ce wa Yaya. Ni kuma Khala, wato 'yar'uwar uwa, alhali ta san sarai ni na haife ta.

Titunansu faɗi gare su, gada kan gada, direbobin kuma ba su san a hankali ba. Gidan Yaya yana unguwar Sharafiyya, hawa na uku, ƙasansu duk kantunan 'yan Yaman da 'yan Bangaladash. Kullum da safe ake sayo ful, wani dafaffen wake da man zaitun, da tamis, gurasa mai faɗin faifai. Riyal kaɗan ne, amma da na fara juya shi zuwa naira sai ƙanena ya ce in daina, in ba haka ba da yunwa zan koma gida.

Bayan mun yi umra mun dawo aka shiga yawo da mu, don a wajensu wannan ne lokacin fita, sauran watanni zafi ba ya bari. Mun je Balad, tsohon gari. Gidajen da dutsen teku aka gina su, tagogin katako masu sassaƙa sun leƙo kan lungu, ko'ina ƙamshin turaren wuta da gahawa. Har 'yan'uwanmu Hausawa na gani sun baza goro da yaji a kan tabarma. Yarinyar ce ke mana ciniki, Larabci a bakinta kamar ruwa, Hausa kuwa tana ji amma da ƙyar take mayarwa. Ta sayo mana balila, wani wake mai tsami da ake zubawa a kofi. Nawa ta miƙo mini da ladabi. Na Yaya kuwa sai da ta hura ya huce, ta ɗebo a cokali ta kai mata baki. Wallahi ajiye nawa na yi ban ci ba.

A bakin teku ma haka. Iyalai sun shimfiɗa darduma, ga fulas na shayi, yara na tsere da kekuna, tsofaffi na jefa ƙugiya. Yarinyar ta kwantar da kai a cinyar Yaya suna raɗa suna dariya, ni ina kallon ruwa kamar shi na zo gani. Kishi nake, ba zan ɓoye muku ba, kishin 'yar'uwata da muka sha nono ɗaya. Kullum sai in ce gobe zan yi mata maganar, gobe ta zo in kasa.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muka fita barr, haka suke kiran sahara. Tafiyar awa guda ce daga gari. Yashi ja-ja iya ganinka, tantuna nan da can, masu raƙuma suna tatsar nono a gabanka su miƙo maka da kumfarsa. Mijin Yaya ya kafa mana rumfa, ya hura gawayi, ya ɗora shinkafar kabsa da naman rago. Can gefe ana ba da hayar dabbab, babur mai ƙafa huɗu da ake hawa tudun yashi da shi. Yarinyar ta karɓo ɗaya ta tsaya a gabana.

"Khala, yalla, zo ki hau bayana."

Raina yana so kamar me. Amma ga Yaya, ga mijinta, ga ƙanena, kowa ya zuba mini ido. Na ce, "Je ki ke dai, ba na so." Ta juya ta dubi Yaya. Yaya, mai ciwon gwiwar da ko bene sai an riƙe ta, ta tattare abaya ta ɗare. Suka tafi suna ihu, ta ƙanƙame yarinyar ta baya. Allah ya yafe mini, har fata na yi babur ɗin ya mace musu su dawo a ƙasa.

Zagaye na biyu yarinyar kaɗai ta tafi. Ta nufi wani tudu mai tsayi, tana gab da kaiwa sama babur ɗin ya karkace ya kife, ta gangaro. Ban san lokacin da na watsar da takalma ba. Gudu nake a yashi ina ƙwala kiran sunanta, sunan da shekara goma sha huɗu bai fito daga bakina a gaban mutane ba. Ni na fara isa. Gwiwar hannu ta kuje kawai, sai yashi a baki. Ta tsura mini ido ina kakkaɓe ta, ta ce da Hausarta mai nauyi, "Ashe kin san sunana."

Muna shan shayi kafin magariba Yaya ta matso kusa da ni. Ta ce yarinyar ta daɗe tana tambaya me ya sa in na bugo waya sai in ce "ya yarinyar nan?" Yarinyar ta ɗauka don ba na sonta na bayar da ita. Yaya ta yi mata bayanin alkunya har ta gaji, amma 'ya'yan nan da suka tashi suna ganin uwaye na sumbatar 'ya'yansu a titi ba sa ganewa. Sai ta ce, "Na san abin da ya kawo ki. 'Yarki ce. In kin ce za ki tafi da ita, ba zan hana ba." Ta ajiye kofin shayinta ba ta ƙarasa sha ba. Na dubi yarinyar can wajen wuta tana satar kallon Yaya, don ta ga hankalinta a tashe. Na ce, "Yaya, umra na zo yi."

Kwana ukun da suka rage na kira sunan nan har ƙanena ya ce zan ƙarar da shi. A filin jirgi ni na fara rungume ta, a gaban kowa. Ta yi kuka sosai don zan tafi, kuma a kafaɗar Yaya ta je ta ƙarasa kukan.

Mun iso gida lafiya. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, yaro bai san kunya kake yi ba, abin da ya gani shi yake ɗauka. Na kiyaye al'ada, kowa ya yaba mini, 'yata kuma ta shekara goma tana zaton ba na sonta. Maigidana ya tarye ni a ƙofar gida, yana amsa sallamata yana duban bayana. Na ce masa ban tambayi Yaya ba, kuma ba zan tambaya ba. Bai yi faɗa ba. Da yamma na ga ya shiga ƙaramin ɗakin da ya yi wa sabon fenti domin yarinyar bayan tafiyata, ya daɗe a ciki, sannan ya fito ya ja ƙofar.