Ranar da Yaya Ya Hau Faranti a Dutsen Shanya

Har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da wata Juma'a da na tsaya a saman dutsen garinmu ina kallon yayana, magidanci mai 'ya'ya bakwai da furfura a gemu, yana gangarawa a cikin farantin biki. Shekaru sun ja, amma ko a ofis na tuna sai na yi dariya ni kaɗai. A ranar dai ba da dariya muka fara ba.

Garinmu ɗan ƙauye ne a ƙasar Faskari. A bayan gari akwai wani falalen dutse mai gangara, wanda a tsakiyarsa ya yi kwana zuwa hagu ya ƙare a cikin yashin rafi. Wanda ya miƙe bai bi kwanar ba, zai faɗa wani shimfiɗaɗɗen wuri inda matan gari suke shanyar barkono da kuɓewa da kauɗar tumatir. Tun kakanni yara suke wasan sulu a dutsen nan, wato mutum ya zauna a kan wani abu ya zame tun daga sama har ƙasa. Yau da gobe, ga gindin wanduna ga tsintsiyar mata, dutsen ya goge ya yi sumul har yana ɗaukar ido da rana.

Mahaifiyarmu, wadda kowa yake kira Inna, ita ce uwar shanya. Ba wanda ya naɗa ta, kuma ba wanda ya taɓa gwada tsige ta. Wata shekara wani yaro ya kasa yin kwana ya watsar da kuɓewar wata tsohuwa, sai Inna ta tara yaran gari ta kafa musu doka: ranar da aka sake taɓa shanya, sulu ya ƙare a dutsen nan har abada. Kowa ya san ba ta magana biyu, har mai unguwa. A ƙauyen da babu filin ƙwallo na kirki, dutsen nan shi ne duk duniyar yaran. Suka riƙe dokar da hannu biyu. Su da kansu suke hana ɗan koyo hawa can sama, kuma shekaru suka shige ko ƙwayar barkono ɗaya ba ta motsa ba.

Ana cikin haka na dawo daga karatu a Turkiyya. Garin da na zauna yana cikin duwatsu, kuma da sanyi dusar ƙanƙara takan rufe su ruf. Mutane sukan ɗaura wasu dogayen alluna a ƙafa su riƙa gangarowa a tsaye, a kan hanyar da wata mota take bi kowace safiya tana lallatsewa ta mai da ita sumul. Maganar gaskiya, 'yan lokutan da na je, zamana a ƙasa ya fi tsayuwata yawa. Amma na ƙaru da wani dattijo mai ba da hayar allunan. Ranar farko na nuna mafi tsawo da ƙyalli na ce su nake so. Ya kalle ni sama da ƙasa, ya mayar da su inda suke, ya ɗauko wasu da ba su wuce haɓata ba, masu siririn ƙugu da kaifin gefe. Ya ce a hanyar da aka riga aka gyara gudu ba abin nema ba ne, gangara za ta ba ka shi kyauta. Abin da za ka duba shi ne allon da zai kama ƙasa ya juya in ka karkata, kuma ya dace da nauyinka.

Ni kuwa Allah ya hore mini baki. Da na ga yaranmu suna sulu a kan kwali da fasasshen bokiti suna birki da dugadugai, sai na zauna na zazzage musu karatun dattijon nan kamar ni na ƙirƙiro shi. Ranar kasuwar garin Daudawa na ɗauki biyu daga cikin 'ya'yan Yaya muka je wurin mai tsofaffin jarkoki. Muna juya su muna shafa gefensu, muna neman masu tudun layi a tsaye, don layin nan shi zai kama dutse. Mai jarka ya yi ta nuna mana waɗanda ba sa yoyo, mu kuma muna ture su gefe. Da ya gaji ya tambaye ni a hankali ko lafiya nake. Muka dawo gida muka tsaga su, kowane yaro daidai tsawonsa, aka bar hannun jarkar a gaba don riƙewa.

Abin mamaki, dabarar ta yi aiki. Yaro zai taho da gudu, ya ɗan karkata hagu, jarka ta bi kwana ta kai shi cikin yashi lafiya lau. Nan da nan na zama malamin sulu. Ko'ina ka juya a gidanmu sai ka ji "Baba Ƙarami ya ce", ni kuma kaina yana ta ƙara girma.

Wanda abin bai yi wa daɗi ba shi ne Yaya. Ba mugun mutum ba ne, shi ya riƙe gona har na yi karatu. Amma a zamaninmu shi ne sarkin sulu na garin nan, shi ya fara ɗora ni a bayansa muka gangara ina kuka. Yanzu ga 'ya'yan cikinsa suna yi masa bayanin layin jarka. Ranar Alhamis muna cin tuwo ya kasa haƙuri.

"Wai kai mi kake koya ma ɗiyan nan? Mu da muka yi sulu bisa ganye, wa ya auna mana tsawo? Abin hawa santsi a ka nema, ba wani layi ba."

Na ce masa dutsen yanzu ba irin na da ba ne, ya fi santsi, kuma shi ma ba nauyin da ba ne. Wannan maganar ta ƙarshe ita ce ba ta kamata ta fito ba, don kowa ya kalli tumbinsa. Ya ajiye loma ya ce wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, gobe bayan masallaci mu haɗu a dutse.

Na ɗauka wasa yake. Washegari sai ga shi ya taho cikin shaddarsa ta Juma'a da ta sha sitaci, hula a karkace, ya rungumo babban farantin silba na matarsa, irin wanda ake zuba shinkafar biki. Matar 'yar garin Sabuwa ce, kuma farantin yana cikin kayan ɗakinta, ban san da wane baki ya karɓo shi ba. Ya kifa shi ya shafe bayansa da man gyaɗa. Yara suka yi cirko-cirko. A ƙasa kuwa barkonon Inna ne shanye, na shekara guda, ja wur, ya kusa bushewa. Ita tana gida tana sallah.

Babban ɗansa ya matso yana sosa ƙeya ya ce, "Baba, faranti ba ya da gaba ba ya da baya. Ka ɗauki jarkata." Ni ma na sa baki, na ce ko dai ya fara daga tsakiya kamar 'yan koyo. Ya dube mu ya yi murmushin manya, ya tattare riga ya zauna, ya yi bismillah ya tura da hannu.

Da farko har na fara jin kunyar kaina, don tafiyar ta yi kyau, riga tana kaɗawa a bayansa. Sai faranti ya fara juyawa. Muka ga fuskarsa, muka ga ƙeyarsa, muka sake ganin fuskarsa, wannan karon ba murmushi. Ya sauke ƙafa zai yi birki, takalmi ya fita ya yi nasa wuri. Da ya iso kwana ya karkata hagu da dukkan ƙarfinsa, amma a daidai lokacin hagunsa tana kallon inda ya fito. Faranti ya miƙe sak, ya shiga shanyar Inna da baya yana salati.

Barkono ya tashi sama kamar an watsa wa kaji tsaba. Rabi ya zube cikin yashi, rabi ya bi iska. Muka ruga ƙasa muka tarar da shi zaune a tsakiya, lafiyarsa ƙalau, sai atishawa yake jerowa ba ƙaƙƙautawa, hawaye shaɓe-shaɓe. Na buɗe baki zan yi dariya, sai na kalli yaran. Ba wanda yake dariya. Sun tsaya rungume da jarkokinsu suna kallon barkonon, ƙaramar 'yar Yaya har ta fara kuka. A nan na gane abin da muka jawo musu.

Labari ya riga mu isa gida. Inna ta taho da carbinta a hannu, ba ta gaggawa. Ta dubi shanya, ta dubi faranti da ya lotse, ta dubi ɗanta na fari. Abin da ta fara cewa shi ne girma ya faɗi, raƙumi ya shanye ruwan 'yan tsaki. Sannan ta juya wajen yaran ta tambaye su ko sun tuna abin da ta ce. Suka amsa da kai. Wani ya fara ajiye jarkarsa a ƙasa, sauran suka bi.

Yaya ya miƙe da ƙyar, ya zo gabanta ya durƙusa, idanu jajur.

"Inna, ki yi mani duk hukuncin da kika ga dama, amma ɗiyan nan ba su da laihi. Sun hana ni, na ƙiya. Kar ki raba su da dutsen nan don wautata."

Na san irin wuyar da take sha wajen janye magana. Can ta ce, "Ni da yara na yi alkawari, kuma yara sun cika. Ku ɗauki jarkokinku." Ta nuna mu da carbi, ni da Yaya. "Amma daga yau duk mai gemu ya sake hawa dutsen nan, ni da shi ne. Ku biyun kau, ku tsince mani barkonona ɗaya bayan ɗaya."

Na ce Inna ai ni ban hau komai ba. Ta ce bakina ya hau.

Haka muka durƙusa cikin yashi, ni da digirina shi da shaddarsa, muna tsinta muna atishawa har rana ta yi sanyi. A samanmu yara suna ta wucewa suna yin kwana tsaf, kowanne in ya zo daidai mu sai ya ce sannu da aiki Baba. Wajen la'asar Yaya ya share ido da bayan hannu, wanda ya ƙara masa yaji, ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Wai layin nan, a tsaye ka ce ko a kwance?" A nan ne dariyar da muka danne ta ɓarke, muka yi ta har muka zube. Ban taɓa jin son yayana kamar a wannan yammacin ba.

Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta, kuma rashin zaman lafiya ya sa yanzu ba kowace rana ake barin yara su je bayan gari ba. Amma darasin yana nan tare da ni. Duk abin da zan shiga, mota ce ko sana'a ko gardama, na daina tambayar saurinsa, sai in tambayi kaina ko zan iya juya shi in na hango shanyar mutane a gabana. Wanda ya hau abin da ba ya juyuwa ba shi kaɗai yake biya ba, sau da yawa waɗanda suka kiyaye doka ne suke tsaye a ƙasa suna jiran hukunci.