Takardar da Na Wanke

Shekarar kullen korona muna zaune a ƙasar waje, a unguwar Pantai Dalam, a bene hawa na tara. Ni kuwa tsoro ya mai da ni sarauniyar wanki. Duk abin da ya shigo gidan sai ya sha sabulu, leda ce, kwalin madara ne, har makullin ƙofa ban bari ba.

Maigidana yana digiri na uku a kan halittun zamanin da, waɗanda suka mutu suka koma dutse. Yana cikin wata ƙungiyar masana wannan fanni, yawancinsu dattawa. Da aka rufe ɗakin binciken jami'a, aikinsa ya tsaya cak. Sai wani tsohon malami ɗan ƙasar, cikin 'yan ƙungiyar, ya tausaya masa, ya aiko masa da aron wata katantanwar dutse da ya tono tun yana saurayi.

Mai babur ya kawo saƙon lokacin maigida yana wanka. Na buɗe, na ga dutse duk ƙasa, da wata 'yar takarda da ta yi jawur manne a gindinsa. Na ce kai, wannan ƙazanta ba a gidana ba! Na sa soso da ruwan zafi na dirje shi tas. Takardar ta narke ta bi rariya.

Da ya fito ya gani, sai ya zauna daɓas a ƙasa.

"Maman yara, ina takardar?"

"Wace takarda kuma? Datti dai na wanke."

"Sunan wurin da aka tono shi ne a jiki. In babu shi, wannan tsakuwa ce kawai."

Kayan amana ne, kuma tsohon malamin ne kaɗai a duniya ya san wurin. Ga shi mun ji an kwantar da shi a asibiti, cutar ta kama shi.

Maigida ya kasa kira don kunya. Ni na yi ɓarnar, ni na karɓi wayar. Na faɗa wa tsohon gaskiya da guntun Turancina, ina kuka. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "'Yata, ɗauko biro." Yana numfashi da ƙyar ya faɗa mini sunan ƙauyen, da kogin, da shekarar, harafi bayan harafi, ya sa na maimaita masa sau biyu.

Bai yi sati biyu ba Allah ya yi masa rasuwa.

Katantanwar tana ma'ajiyar ƙungiyar yanzu. Rubutun da ke gindinta nawa ne, a karkace yake, don ina kuka na rubuta shi ranar.