Waƙar Godiyar da Gwaggo Saratu Ta Ƙi Yi

Bana shekara tara ke nan da muka binne Gwaggo Saratu, ƙanwar mahaifina, a ƙauyenmu da ke gefen Mainika. Ba ta yi boko ba, amma rabin waƙoƙin da matan cocinmu suke yi da kiɗan tulu daga bakinta suka fito. A bakin turmi take haɗa su, ta yi ta maimaitawa har su zauna.

Al'adarmu ce kowace kaka a kai dammunan dawa coci ranar godiya, Gwaggo kuma ta zo da sabuwar waƙa. To, wata damina zazzaɓi ya ɗauke Ishaya, ɗanta tilo, ya bar dawarsa a tsaye. Mu muka girbe masa. Da ranar godiya ta matso, Fasto ya je har gida yana lallashinta, wai waƙarta za ta ƙarfafa jama'a. Ina zaune a wurin. Ta ce, "Baba Fasto, ban gode ba tukuna. In na ce na gode, wa zan ruɗa? Ubangiji da yake ganin cikina?"

Kaka biyu ta yi ba waƙa. Ba ta fasa zuwa sujada ba, amma bakinta gum. Tsegumi kuwa ba irin wanda ba a yi ba, har da masu cewa bangaskiyarta ta bi Ishaya kabari. Ni kaina na ji tsoron haka, abin kuma ya yi mini ciwo.

Yau yaranmu sukan shiga Kano da safe, kafin la'asar sun dawo da waƙar yabo a waya, kowane baiti nasara da albarka. Ba raina su nake yi ba, Allah ya sani, wasunsu akwai murya. Sai dai nakan ce da Gwaggo tana nan, za ta saurara har ƙarshe, ta yaba kiɗan, sannan ta tambayi yaron a hankali ko shi kansa ya yarda da abin da ya faɗa.

A kaka ta uku da rasuwar Ishaya, ranar godiya, Gwaggo ta miƙe tsaye a coci, ba wanda ya roƙe ta. Babu tulu, babu tafi. Waƙar ma ba ta godiya ba ce. Ta gaya wa Ubangiji ta zo hannu wofi, ranta a ɓace, amma ba ta da ƙofar da za ta ƙwanƙwasa sai tasa. Dattawa suka sunkuyar da kai.

Waƙoƙinta na murna yawanci sun ɓace, sababbi sun ture su. Wannan ce ta rage. Bara da na rasa matata, aka tambaye ni wace za a yi a bakin kabari. Ita na zaɓa, don a ranar ita kaɗai zan iya buɗe baki in yi ban yi wa Allah ƙarya ba.