Gaurakin da Yaya Habu ya nuna mini

Da damunar nan Yaya Habu mai hoto ya cika shekara talatin da rasuwa. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Duk Gaya an san shi da halin da ake yi masa dariya a kai: maimakon ya ɗauki hoton angwaye ya samu na cefane, sai ya ƙarar da fim a kan tsuntsaye.

Zamanin da ake kai gyaɗa Kano ne, kafin babban fari. Wata asuba muna idar da salla ya ce in ɗauko kekena. Ina malamin firamare lokacin, da iyalina, amma Yaya ba a tambayarsa ina za a. Muka yi ta tafiya har wata fadama bayan Gafasa, muka kwanta cikin ciyawa, raɓa ta jiƙa mu sharkaf, sauro na cin rabonsa. Rana na ɓullowa sai ga gauraki biyu suna rawa a bakin ruwa, 'ya'yansu na biye da su. Sau ɗaya ya danna kyamarar. A hanyar dawowa ya ce shekara bakwai yana zuwa wurin, ko matarsa ba ta sani ba, kada in faɗa wa kowa.

Ni kuwa bakina ba ya riƙe magana. Ranar kasuwar Ajingi na ari hoton, na zauna wurin mai shayi ina nunawa ina cika baki. Wani baƙo ya yaba, ya tambayi wurin, na kwatanta masa har da tsamiyar da muka jingine kekuna. Ashe yana cikin masu kai gauraki gidajen attajiran birni, inda ake datse musu fiffike su yi ta gewaya tsakar gida.

Bayan mako guda Yaya ya koma shi kaɗai, ya tarar da igiyar tarko da gashin tsuntsu a taɓo. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Mun ci gaba da cin tuwo a kwano ɗaya, amma bai ƙara cewa in ɗauko keke ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi na durƙusa na roƙi gafara. Sai ya ce:

"Na yafe tuntuni, Garba. Laifina ne da na kai ka."

Har yau maganar nan tana cina.

Fadamar ta zama gona, babura ke ratsa ta. Yanzu kowa da waya mai ɗaukar hoto a aljihu, nakan ce da Yaya zai ga wannan zamani, abin da zai fara tambaya shi ne me ya rage da za a ɗauka.

Abin da ya rage nasa hoton nan ne, ya yi ja, yana rataye a ɗakina. Shekaranjiya jikata ta tambaye ni sunan tsuntsayen, don ba ta taɓa ganin irinsu ba, ta ce in kai ta ta gani. Na san hanyar sarai, tsamiyar ma tana nan. Na ce mata ƙafata ke ciwo.